Ginin bulon soso a Legas: abin da magina suka ce

A zaman da muka yi da magina a Agege, maganar bulon soso ce ta ci lokaci, wato bulon polistirin (farin soson roba mara nauyi) mai rami a tsakiya da ake jerawa, a saka rodi, a zuba kankare a tsakiya. Duk sun yarda yana tare zafi, na'urar sanyaya ɗaki da janareta su huta.

Amma wani dattijo ya ce in kwanon rufi ba shi da kariyar zafi, asarar kuɗi ce. Ni ma na yarda.

Wurin zuba kankare suka fi jan kunne. A tokare bango sosai, a zuba kaɗan-kaɗan, kamar tsayin mita ɗaya a kowane zagaye, in ba haka ba soson ya fashe. Gara kuma tana ratsa soso, a yi wa ƙasa magani. Ciki a rufe da filasta saboda gobara.