Bakin alƙalamina yana kartar takarda, in ba mai gyara ko in mayar wa kamfani?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar alƙalamin tawada ku taimaka min da shawara. Na sayi wani mai bakin zinare 14k (wato karat 14) sabo fil, amma tun ranar farko in na ja layi daga dama zuwa hagu sai in ji yana kartar takarda, daga sama zuwa ƙasa kuwa lafiya lau yake tafiya, sannan wani lokacin harafin farko ba ya fitowa sai na ɗan danna. Na wanke shi da ruwa, na canza tawada, na canza takarda, duk kanwar ja ce. Abin yana damuna wallahi don na daɗe ina burinsa. An ce akwai masu gyaran baki masu zaman kansu da ake tura wa, to tsorona kar a ƙarasa min shi. Akwai wanda ya taɓa bayarwa?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Kartar da ke zuwa ta gefe ɗaya kawai, yawanci ba kaushi ba ne, haƙoran ne ba su daidaita ba. Ka duba bakin za ka ga a tsage yake gida biyu, to in ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa sauka ko da kaɗan ne, gefensa na ciki shi ke kama takarda in ka ja ta wannan ɓangaren. Ka nemi gilashin nan na masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10, ka fuskanto da tsinin wajen idonka a cikin haske, da kanka za ka gani.

Na biyun kuma, ƙin fitowa da farko, wani lokaci daga wajen gogewa ne, an goge gefen tsagar na ciki har ya yi kwari, sai tawada ta tsaya a sama ba ta taɓa takarda. Wannan kam sai mai gyara. Abin da nake roƙonka, kar ka ɗauki takardar gogar nan mai laushi sosai (mai lamba 12000) ka hau goga don ka gani a bidiyo. Ɗan ƙwallon da ke tsinin ba zinare ba ne, wani ƙarfe ne mai tauri da aka liƙa, kuma ɗan mitsitsi ne, abin da ka cinye ba ya dawowa sai dai a sake liƙa sabo, wanda aiki ne babba.

'Yar tawada:
Ni dai Baba ban ƙi taka ba, amma alƙalami sabo ne fa, me zai sa ya biya wani kuɗi a kan abin da haƙƙinsa ne? Ya fara tuntuɓar inda ya saya tukunna, su canza masa. Da zarar wani na waje ya wasa bakin, kamfanoni da yawa sun cire hannunsu daga garantin ke nan, ko wata matsalar ta taso babu ruwansu.

Mai hannun hagu:
Maganar Hajiya gaskiya ce ta fannin garanti, sai dai kamfani bakin da zai ba ka irin wanda yake ba kowa ne, shi kuwa mai gyara hannunka yake yi wa aiki, ni a nan na ga bambancin don da hagu nake rubutu kuma ina ɗan murɗa alƙalamin ba tare da na sani ba, sai da aka gyara shi daidai da riƙona sannan na ji daɗinsa. In za ka tura kar ka ce masa kawai “ka sa ya yi santsi”. Ka rubuta shafi guda ka haɗa masa, ka ɗauki hoton yadda kake riƙewa daga gefe, ka faɗa masa irin tawada da takardar da ka fi amfani da su, da ko kana son tawada ta zuba sosai ko kaɗan-kaɗan. Santsin ma in ya yi yawa shi ke kawo wancan kwarin da Baba ya faɗa. Ka wanke shi tas ya bushe kafin ka naɗe, kuma ka tambayi tsawon layin masu jiransa tun farko, ƙwararrun sukan kai makonni har watanni. Ka tambaya ko zai sake taɓawa kyauta in bai yi maka ba.

Sabon shiga:
Allah ya saka da alheri, na samo gilashin na duba, tabbas haƙorin dama ya ɗan sauka. Zan fara yi wa mai sayarwan magana kamar yadda Hajiya ta ce. Amma in har ta kai ga mai gyara, bakin nawa M ne, wato matsakaici, kuma na ga ya min kauri, zai iya mayar min da shi F, wato siriri?

Tsohon hannu:
Zai iya, daga kauri zuwa siriri ragewa ce kawai, akasin haka ne ba ya yiwuwa da wasawa. Sai dai ka faɗa masa faɗin layin da kake so da milimita, don F ɗin kamfanonin Japan irin su Pilot da Sailor ya fi na Turai siranta sosai. Ka fara ganin abin da mai sayarwan zai ce, ka dawo mana da labari.