Amfilin kawuna, lamp guda ta yi ja jawur, mi za ni yi?

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku agaza mini. Na gaji wani tsohon amfili na gitar bas wajen kawuna, Fender Bassman 100, mai manyan lamp huɗu (kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) samfurin 6L6GC, da shi ya yi kiɗan biki daga nan Maradi har Tibiri. Ya fi shekara goma ajiye. Jiya na jona shi sai gurnani kawai ko gita ban saka ba, bayan minti biyar na leƙa baya na ga ƙarfen cikin lamp guda ya yi ja kamar garwashi, sai fuzibil ya ƙone. Wani ya ce in sa fuzibil babba. Ba na son in kashe abin nan, shi kaɗai ya rage mini na kawu.

Mai gyaran rediyo, Bagalam:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sake ka sa babban fuzibil, transfon cikin amfilin za ka toya, shi kuwa samunsa sai an sha wuya. Fara duba bayansa, in na Amurka ne 120V yake ci, kuranmu 220 ne, sai da transfo mai ragewa. Kuma kar ka taɓa kunna shi ba baf jone, 4 ohm yake so.

Wani ɗan Zariya:
Gurnanin nan kondansater (ƴan gwangwanayen da ke tara wuta) ne suka bushe, da zafin garin nan da shekarun ajiya dole. A canza su duka har da ƙaramin na layin bayas (wutar negatif mai tsaida yawan wutar da lamp ke ja), mutane na mantawa da shi, alhali in ya mutu lamp duka ke zarcewa da jan wuta. Amma malam hattara, akwai sama da 400V ciki kuma kondansater na riƙe wuta ko an cire fulogi, a sauke ta tukun, in ba ka saba ba kai wa mai gyara.

Mai gyaran rediyo:
Gaskiya ne, sai dai tunda guda ce ta yi ja ni na fi zargin lamp ɗin ko mazauninta. Ka bari ya huce ka musanya mata wuri da wata, in jan ya bi ta to ita ce ta mutu, in ya tsaya wurin to ƙafa ta 5 ta lamp ɗin ba ta samun wutar negatif, ko ƙura da tsatsa ko rezistans ya yanke. Wajen bayas ni rezistans 1 ohm nake sawa tsakanin ƙafa ta 8 da mas (jikin ƙarfen amfilin), milivolt ɗin da mita ta nuna shi ne miliamfa (mA) ɗin da lamp ke ja. 6L6GC wat 30 ne iyakarta, kashi 70 ake tsayawa wato 21, in ka auna 450V a ƙafa ta 3 to kar ka wuce 46 mA, ni ma ƙasa da haka nake bari saboda kuran na hawa da dare. Kuma maɓallin bayas da ke cikin irin naka daidaita ɓangare biyu na lamp kawai yake, sai an ɗan sake wayarin kafin ya ɗaga ko ya rage bayas ɗin duka.

Mai tambaya:
Na gode baba, Allah ya saka. Na duba, 120V ne, transfon kawu nake amfani da shi. Ba ni da mita mai kai 500V, gobe bayan la'asar zan ɗauko shi a adaidaita in kawo maka shago, har da baf ɗin.