Zan mai da garejin gidanmu wurin cin abinci a Unguwar Rimi, ta ina zan fara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan ina girki a gida ina aikawa ofisoshi, masa da miyar taushe, dambun shinkafa, farfesun kayan ciki. Yanzu masu saye sun matsa in samu wurin zama. Gidan da muke ciki a Unguwar Rimi na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ba haya ba ne. Akwai gareji a gaba da zai ɗauki tebur huɗu, so nake in fasa katanga in fitar da ƙofa bakin titi. Na duba takardar filin, gidan zama aka rubuta. Magini ya ce in kawo kuɗin siminti ya fara ranar Asabar, maigidana ya ce in dakata. Don Allah wanda ya taɓa yi a Kaduna, sai an canja takarda kafin a fasa, ko ana iya farawa a bi takarda daga baya?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya ki fara rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai ki nemi lambar NAFDAC, don ba a sa burodi a leda a kai shaguna babu ita. Haka na yi a Rigasa. Kuma ki tabbata mai gidan hayar ya amince a rubuce.

Maman Ilham: Na gode Malam, amma ba burodi ba ne, kuma gidanmu ne.

Mai Zane: Hajiya, maigidanki ya yi gaskiya. Abu biyu ne daban. Takardun fili suna hannun KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, can ake neman a mai da gidan zama na kasuwanci. Izinin gini kuma na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha, kuma fasa katanga a fitar da shago yana cikin abin da ake nema wa izini. Za a duba tazarar ginin da titi, inda motoci za su tsaya, inda ruwan wanke-wanke zai bi. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin gari tana hannun gwamna, takardar da ke hannunku ta faɗi abin da aka ba ku filin dominsa. Sai wani abin da ba ki ambata ba: sunan marigayi ne a takardar ko an canja? In gado ne ba a raba ba, ki fara zama da sauran magada.

Hajiya Talatu: Ƙanwata ki saurare ni, ni abin ya faɗa wa. Na kama shago a Barnawa, mai gidan ya rantse min takardunsa cikakku ne. Na biya hayar shekara biyu, na sa tayil, na yi silin, na sayi firiza da kujeru 24 da kuɗin adashen da na yi shekara ina zubi. Wata huɗu ina ciniki lafiya. Wata safiya na zo na tarar da jan fenti a bango. Ashe shagon a wajen katangarsa ya gina shi, a kan kwata, ba ya cikin filinsa ko kaɗan, kuma tun kafin in shiga an ba shi takardar gargaɗi ya ɓoye. Wani ɗan kamasho ya ce zai gyara maganar, na ba shi dubu 250, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Ranar da aka zo rushewa tuwon shinkafa na kan wuta. Yarana mata ne suka riƙa kwasar kujeru suna tsallaka titi da su, ɗaya ta ɗauko tukunyar miya da ɗankwalinta don babu tsumma a kusa. Firizar tana falona har yau, littattafan yara ne a kanta. Mai gidan ko sisi bai mayar min ba, cewa ya yi ƙaddara ce.

Ummu Hanan: Inna lillahi. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Kin kai shi ƙara?

Hajiya Talatu: Da wace takarda? Rasit kawai ya ba ni, ba yarjejeniya. Na bar shi da Allah.

Ɗan Kawo: Allah ya kyauta, amma ita Maman Ilham cikin katangarsu take. Ku bi titin Isa Kaita ku ƙirga gidajen zaman da suka koma wuraren abinci da shaguna. Ki buɗe kawai, in sun zo a yi magana. Ni dubu 80 na kashe gaba ɗaya a kan takardun shagona.

Abban Sadik: Dubu 80 a wace shekarar? Zanen ginin kaɗai na biya fiye da dubu 200.

Mai Zane: Ka shiga ka ga takardun waɗancan gidajen ne da za ka ce ba su canja ba? Wanda ya ga yadda aka rushe Kasuwar Barci a 2020 ba zai ce wa mace ta zuba jarinta ba takarda ba. Kuma kuɗi ya danganta da unguwa da girman fili, ta je ofis da ƙafarta ta tambaya, ta biya ta banki ta karɓi rasit.

Ɗan Kawo: Kai ai zane kake sayarwa, dole ka ce a yi zane. Ka taɓa sayar da ko ƙosai?

Ummu Hanan: Kai ma kayan waya kake sayarwa, ba hayaƙi ba ruwan wanke-wanke. Mai abinci daban ne. Ni a Malali maƙwabta ne suka kai ƙorafi, saboda masu saye suna tare musu ƙofar gida da mota, ga hayaƙin itace yana shiga ɗakinsu. Sai da mai unguwa ya shiga tsakani na koma gas. Duba-gari ma za su zo, su duba makewayi da inda kike zuba shara.

Auta: Anti Maman Ilham, ni dai ranar buɗewa a ajiye min ƙanzon shinkafa, ko da izini ko babu ina nan zuwa da kwanona.

Baban Yusra: Ni maganar Hajiya Talatu ce ta tsaya min a rai. Masu shagunan haya a garin nan sai addu'a. Na karɓi kango a Tudun Wada, ko ƙofa babu, na gyara na fara shayi da burodi. Da mai shi ya ga benci ya cika da safe, shekara na zagayowa ya ninka haya, wai wurin ya yi daraja. Wa ya ba shi darajar?

Abban Sadik: Ni ninkawa bai yi ba, ɗansa ya ce zai sa a wurin. Tanda kuma ba a ɗaukarta a ka, ginin bulo ce, nan na bar ta na sake gina wata.

Hajiya Talatu: Shi ya sa yanzu ko rumfa zan kama sai an rubuta an sa shaidu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, na sallami magini tukuna. Malam Mai Zane, sunan Baba ne a takardar, kuma mu tara ne, biyu suna Legas. Sai duk sun sa hannu?

Baban Yusra: Abban Sadik, nawa ka kashe a tandar ta biyu? Don ni ma nawa mai shagon ya fara zancen ɗansa.