Taƙaitawa: jan tirela mai ɗakin kwana da kare wutarta

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi a kan yadda za a ja tirela mai ɗakin kwana da mota da yadda za a kare kayan wutarta.

An yi ittifaƙi a kan:

1. Kaya masu nauyi su zauna gaban tayoyin tirela. Nauyin da ke danna ƙugiya, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota, ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, in ba haka ba za ta yi ta lilo.
2. A gicciya sarƙoƙi biyun da ke riƙe tirela idan ta kuɓuce, a ƙarƙashin ƙugiya.
3. Masu saukowa daga Jos ta Hawan Kibo su sa ƙaramar giya tun daga sama. Mai dogaro da birki kaɗai zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa.
4. Wutarmu volt 230 ce, tirelar Amurka kuwa 120 take sha. Kada a jona ta kai tsaye, sai da taransifoma, in ba haka ba firji da caja sun tafi.

Inda aka rabu: wajen kare kayan wutar tirela, wasu sun ce sitabilaiza ta wadatar, wasu suka ce sai na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta hau ko ta faɗi. Da irin wutar Abuja, ni ina bayan na biyun.

Maganar cire kan batir idan an ajiye tirela, mutum ɗaya ne ya musa.