Shin addini da batun zubar da ciki ne ke zaɓar wa Amurkawa shugaban ƙasa?

Ɗalibar Siyasa ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da wata tambaya game da zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin ƙasar za su warware mini ita. A duk lokacin da zaɓensu ya ƙarato, kafafen yaɗa labarai sukan ce Kiristoci masu riƙo da addini suna bayan jam'iyyar Republican ne domin tana adawa da zubar da ciki, ita kuma jam'iyyar Democrat tana samun ƙuri'un waɗanda ke ganin mace ce ke da ta cewa a kan cikinta. Sai dai akwai abubuwan da suka ƙi shiga cikin wannan bayani. Joe Biden ɗan Katolika ne da ba ya wasa da zuwa coci, cocin nasa kuma ya haramta zubar da ciki, amma ya tsaya kai da fata wajen kare shi a doka. Donald Trump kuwa ba a san shi da yawan ibada ba, a 1999 ma ya faɗa da bakinsa a talabijin cewa yana goyon bayan a bar wa mace zaɓinta, amma shi ne masu wa'azin bishara suka rungume. Sannan a 2024 an yi ta cewa fushin mata a kan wannan batu zai ba Kamala Harris nasara, sai ga shi ta sha kaye. Don Allah, imanin mutum ne ke jan ƙuri'arsa, ko kuwa akwai wani abin daban da ke ɓoye a bayan addinin?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki ta yi ma'ana, kuma a ganina ba za a iya amsa ta ba sai an koma baya kaɗan, domin wannan ƙawance tsakanin coci da jam'iyyar Republican bai kai shekara sittin ba, kuma gina shi aka yi da gangan.

Lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade a watan Janairun 1973, inda ta ce kundin tsarin mulki ya ba mace damar zubar da ciki, waɗanda suka fi tayar da jijiyar wuya su ne bishop-bishop na Katolika, alhali yawancin mabiyansu a wancan zamani 'yan Democrat ne, domin su ne suka ba John Kennedy kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'unsu a 1960. Kiristoci 'yan Ebanjelika, wato masu wa'azin bishara, ba su ɗauki batun da zafi ba tun farko. Babban taron cocin Baptist na Kudancin Amurka ma ya zartar da ƙuduri a 1971 yana neman a halatta zubar da ciki idan fyaɗe ne ko kuma lafiyar uwa na cikin haɗari. Ronald Reagan da kansa, lokacin yana gwamnan Kalifoniya, ya sa hannu a 1967 a kan dokar da ta sassauta ƙa'idojin zubar da ciki a jihar.

Al'amarin ya sauya a ƙarshen shekarun 1970. A 1976 masu bishara da yawa sun zaɓi Jimmy Carter, ɗan Democrat kuma ɗan Baptist mai koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, amma ba a daɗe ba suka ji ya ba su kunya. Akwai rikicin haraji tsakanin gwamnati da makarantun Kirista masu nuna wariyar launin fata, akwai fushin hana yin addu'a a makarantun gwamnati, akwai kuma tsoron rugujewar iyali. A 1979 fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, ya tattara waɗannan koke-koke wuri ɗaya, aka kuma ɗora batun ɗan tayi a samansu, domin shi ne ya fi taɓa zuciya kuma shi ne zai iya haɗa ɗan Katolika da ɗan Furotesta a sahu guda. Reagan ya ci moriyar wannan a 1980, kuma tun daga nan ba a sake rabuwa ba.

Game da Trump, amsar tana wurin alƙalai. Shugaban ƙasa ba shi da ikon soke hukuncin Kotun Ƙoli, amma shi ke naɗa alƙalanta tara da amincewar majalisar dattawa, waɗanda ke zama a kujerarsu har mutuwa ko murabus. Alƙali Antonin Scalia ya rasu a watan Fabrairun 2016, Sanata Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican masu rinjaye a lokacin, ya hana majalisar dattawa sauraron Merrick Garland wanda Obama ya gabatar, saboda haka aka shiga zaɓe da kujera guda a buɗe. Trump ya fitar da jerin sunayen alƙalan da zai zaɓa daga cikinsu, kuma kusan kashi 81 cikin ɗari na fararen fata 'yan Ebanjelika suka ba shi ƙuri'a, a zaɓen da ƙasa da ƙuri'u 80,000 a jihohin Michigan da Wisconsin da Pennsylvania suka raba gardama. Ya naɗa Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh da Amy Coney Barrett, kuma da su ne kotun ta soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs ranar 24 ga Yunin 2022. Waɗannan masu zaɓe ba liman suke nema ba, wanda zai cika musu alkawari suke nema, kuma ya cika. A nawa ra'ayin, duk wanda ya ce munafunci ne kawai bai yi musu adalci ba, domin mutumin da ya yi imani cewa rai ake kashewa zai iya haƙuri da halin ɗan takara idan har zai tsayar da abin da yake gani kisa ne.

Mazauniyar Ohio ta amsa:

Na gode wa Malam da wannan bayani, kuma ban musanta tarihin da ya kawo ba, amma ina ganin ya ba batun zubar da ciki nauyin da ya wuce wanda nake gani a nan inda nake zaune kuma nake aikin jinya.

A watan Nuwamban 2023 an yi ƙuri'ar raba-gardama a jiharmu a kan sanya 'yancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulkin jiha. Makonni kafin ranar, a gaban coci-coci da yawa an kafa ƙananan alluna a kan ciyawa ana kira da a ƙi amincewa, a gidajen da ke maƙwabtaka da su kuma akwai alluna masu cewa a amince. Kusan kashi 57 cikin ɗari suka amince. Bayan shekara ɗaya, wannan jiha ɗin ta ba Trump nasara da ratar da ta haura kashi goma. Wata abokiyar aikina, mai zuwa coci duk Lahadi kuma mai sarƙa da gicciye a wuyanta, tana cikin waɗanda suka yi duka biyun. Ta ce mini ita ba za ta taɓa zubar da ciki ba, amma ta ga matar da cikinta ya lalace tana zubar da jini yayin da likitoci ke tunanin abin da doka za ta ce, kuma ba ta son a mayar da wannan hukunci hannun 'yan majalisa. Da aka zo zaɓen shugaban ƙasa kuwa, abin da ke gabanta shi ne kuɗin haya da farashin ƙwai da man mota.

Ba Ohio kaɗai ba ce. Kansas, wadda ta daɗe a hannun Republican, ta yi watsi da yunƙurin cire wannan kariya a watan Agustan 2022 da kusan kashi 59. A 2024 jihohi goma suka yi irin wannan ƙuri'a, bakwai suka goyi bayan 'yancin, cikinsu har da Arizona da Missouri da Montana da Nevada, waɗanda dukkansu Trump ya lashe a rana guda. A Florida ma kashi 57 ne suka amince, sai dai dokar jihar tana buƙatar kashi 60. Wannan shi ne amsar tambayarki ta ƙarshe, ƙanwata. Tunda an mayar da batun hannun jihohi, mutum yana iya kare shi a takarda ɗaya, ya zaɓi wanda yake so a ɗaya takardar, kuma Trump ya gane haka, shi ya sa a watan Afrilun 2024 ya ce kowace jiha ta yanke wa kanta.

Akwai kuma abin da Malam bai taɓo ba, wanda a wurina shi ne ya fi ƙarfi. Baƙaƙen fata 'yan Furotesta suna cikin waɗanda suka fi kowa yawan ibada a Amurka, Littafin da farar fata ɗan bishara ke karantawa shi suke karantawa, da yawansu kuma ba sa jin daɗin zubar da ciki, amma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'unsu Democrat suke ba wa. Cocinsu ya taka babbar rawa a gwagwarmayar ƙwatar 'yanci wadda fasto Martin Luther King ya jagoranta, saboda haka idan aka yi maganar rai, su tunaninsu yana tafiya ne ga talauci da asibiti da harbin 'yan sanda. Da a ce aƙida kaɗai ke jan ƙuri'a, da waɗannan jama'a biyu ba su rabu haka ba.

Ɗalibar Siyasa ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Yaya. Na fahimci cewa batun yana da ƙarfi ƙwarai a wurin wani rukuni, a wurin sauran jama'a kuma yana biyo bayan tattalin arziki. Abin da ya rage mini shi ne 'yan Katolika, waɗanda cocinsu ke da matsayi guda a rubuce, da kuma 'yan'uwanmu Musulmin Amurka. Su ina suke faɗawa a wannan rabo?

Baban Zainab ya amsa:

Malama, 'yan Katolika su ne suka fi nuna cewa fatawar shugabanni daban, ƙuri'ar mabiya daban. A 2004 ɗan takarar Democrat John Kerry, wanda ɗan Katolika ne, ya rasa rinjayen ƙuri'un 'yan cocinsa a hannun George Bush wanda ba ɗan cocin ba ne. A 2020 sun rabu kusan biyu daidai tsakanin Biden da Trump, a 2024 kuma suka karkata ga Trump, har da 'yan asalin Latin Amurka da yawa. Abin da ya fi raba su shi ne yawan zuwa coci: wanda ba ya fashin ibadar Lahadi ya fi karkata ga Republican, wanda sai lokacin Kirsimeti ake ganinsa ya fi karkata ga Democrat. Shugabannin ma kansu bai haɗu ba. A watan Mayun 2022 Akbishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya hana Nancy Pelosi, 'yar Democrat kuma shugabar majalisar wakilai a lokacin, karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar ibada da ake rabawa a coci, saboda matsayinta na goyon bayan 'yancin zubar da ciki, amma wasu bishop-bishop suka ƙi bin wannan hanya. Fafaroma Francis kuma, da aka tambaye shi a watan Satumban 2024, ya ce 'yan takarar biyu duk suna adawa da rai, ɗaya da korar baƙin haure, ɗaya da zubar da ciki, sai kowa ya zaɓi mafi sauƙin sharri bisa abin da zuciyarsa ta gaya masa.

Musulmi kuwa ba wannan batu ne ke jan su ba, kuma ina ganin fiƙihu yana da hannu a ciki. Malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan busa rai a kwana 120, da yawansu kuma sun halatta shi idan ran uwa na cikin haɗari, amma kafin wannan lokaci mazhabobi sun saɓa: Malikiyya da muke bi ta tsananta tun daga farkon shigar ciki, wasu malaman Hanafiyya kuma sun yi sassauci idan akwai uzuri. Saboda haka Musulmi ba ya samun kansa cif a ɗayan ɓangarorin biyu. A 2000 da yawa sun zaɓi Bush domin ra'ayinsa na riƙon iyali, bayan harin 11 ga Satumba da yaƙin Iraƙi suka koma Democrat, a 2024 kuma yaƙin Gaza ya sake watsa su. A zaɓen fitar da gwani na Democrat a Michigan, fiye da mutum 100,000 suka ƙi zaɓar Biden domin nuna fushi, a babban zaɓen Nuwamba kuma, a birnin Dearborn mai yawan Larabawa, Trump ne ya zo na ɗaya, 'yar takarar jam'iyyar Green Jill Stein ta kwashi kusan kashi 18.

Zan ƙara da abu ɗaya da ya sa bai kamata mu ɗauki wannan muhawara a matsayin ta nesa ba. A 1984 gwamnatin Reagan ta fito da manufar da ake kira ta birnin Mexico, wadda ta hana ba da tallafin Amurka na tsarin iyali ga duk ƙungiyar waje da ke yin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa, ko da da kuɗinta ne. Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017 ya kuma faɗaɗa ta zuwa kusan dukkan tallafin lafiya, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da ita a watan Janairun 2025. A Najeriya doka ba ta yarda da zubar da ciki ba sai domin ceton ran uwa, amma ƙungiyoyin da wannan sharaɗi ke shafa sau da yawa su ne ke kula da awon ciki da tazarar haihuwa da maganin cutar ƙanjamau a ƙasashen Afirka, saboda haka duk lokacin da mulki ya sauya hannu a Washington, sai sun sake zaɓa tsakanin sa hannu a kan sharaɗin ko rasa kuɗin.