Tambaya daga Alaska: shin libarba mai harsashi .500 ta dace da tsaron gida da na daji?

Bakatsinen Anchorage ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune ne a birnin Anchorage na jihar Alaska tare da iyalina, kuma ina da katin zama na dindindin, don haka dokar tarayya ba ta hana ni sayen bindiga ba. Ita ma jihar, tun shekarar 2003 ba ta neman lasisi daga wanda ya cika shekara 21 kafin ya ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsa. Buƙatuna biyu ne, amma kuɗin bindiga ɗaya nake da su. Da bazara nakan je kamun kifin salmon a kogin Russian da ke yankin Kenai, inda beyar kan sauko bakin ruwa neman kifin da mu ma muke nema, sannan ina son abin da zan kare gidana da shi, gidan haya ne a hawa na biyu, da maƙwabta hagu da dama.

A wani shago na ga libarba (ƙaramar bindiga mai gangar harsashi da ke juyawa) ƙirar Smith & Wesson Model 500 mai baki inci 4, na kuma ga fistol ƙirar Desert Eagle mai harsashi .50. Lissafina shi ne, bindigar da za ta iya tsayar da beyar ba za ta kasa tsayar da ɓarawo ba. Iyakar abin da na taɓa harbawa a filin koyon harbi shi ne fistol mai harsashi milimita 9. Ina roƙon masu sani su ba ni shawara kan wadda ta fi dacewa a cikin biyun.

Baba Tsohon Soja, Houston:

Wa alaikumus salam. Yarona, ba zan zaɓa maka ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma ga dalilina.

Kamfanin Smith & Wesson ya fito da Model 500 a shekarar 2003 domin masu farautar manyan namun daji. Lambar .500 na nufin kaurin harsashin rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma nan ce iyakar da dokar Amurka ta 1968 ta sa wa bakin bindigar hannu. Abin da ya wuce haka ana lissafa shi cikin makaman da ke buƙatar rajista ta musamman. Mai baki inci 4 da ka gani ta haura kilo ɗaya da rabi tun ba a zuba mata harsashi ba, harsashi 5 kawai take ɗauka, kuma ƙarfin kowane ɗaya ya ninka na milimita 9 da ka saba sau biyar ko fiye. Wannan ƙarfin ba gaba kaɗai yake tafiya ba, da akwai rabon hannunka a ciki. Idan ka danna kunama bakin bindigar zai ɗaga sama, wuyan hannunka ya amsa, kuma kafin ka sauko da ita ka sake saiti an ci lokacin da mai ƙaramin harsashi zai yi harbi biyu ko uku a wuri guda. Abin da ya fi wannan muni ba a ganinsa sai bayan 'yan makonni: jiki yakan koyi tsoron dukan, sai mutum ya riƙa runtse ido yana danne bakin bindigar ƙasa tun kafin harsashi ya fita, ba tare da ya sani ba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna kuskure allon saiti daga taku goma saboda wannan, kuma cire wa mutum wannan ɗabi'a ya fi koya masa harbi tun daga farko wuya.

Maganinta shi ne yawan atisaye, a nan kuma aljihu yake shigowa, domin kuɗin harsashi ɗaya na .500 yakan sayi kusan goma na milimita 9. Wanda kuɗinsa na bindiga ɗaya ne kawai ba zai jure zuwa filin harbi da ita kowane wata ba, sai ta koma kayan ajiya.

Ka dubi abin da ya faru da hukumar FBI, wadda ta fi ni da kai kuɗin gwaji. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'anta sun yi musayar wuta da 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu, biyar suka jikkata. Wani harsashin milimita 9 ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin tun da wuri, amma ya tsaya dab da zuciyarsa, mutumin kuwa ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta koma harsashin milimita 10 mai ƙarfi, sai ta ga jami'ai da yawa ba sa iya sarrafa shi, aka rage masa albarushi, wanda hakan ya haifar da harsashin .40 S&W a 1990. Bayan shekara ashirin da wani abu, da ƙirar harsasai ta inganta, suka dawo kan milimita 9. Ma'aunin da suka tsayar shi ne harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren abin gwajin da ke kwaikwayon tsokar mutum. Ƙasa da haka bai kai inda ake so ba, sama da haka kuma yana iya fita ya sami wanda ba ruwansa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna da gidanka. Bangon gidajen hayar ƙasar nan katako ne da siririn allon farar ƙasa, wanda ko harsashin milimita 9 yana huda shi, balle wanda aka ƙera don ya ratsa kafaɗar dabba mai nauyin kilo ɗaruruwa. Duk inda harsashinka ya faɗa, kai za ka amsa a gaban alƙali, kuma a bayan bangon nan akwai yaran maƙwabcinka suna barci.

Maharbin Wasilla:

Baba ya gama magana kan gida, ni kuma zan taɓa ɓangaren daji, tunda kusan unguwa ɗaya muke da mai tambaya. Malam, beyar mai ruwan ƙasa tana gudun fiye da kilomita 50 a awa, kuma a bakin kogin Russian ciyayi da bishiyoyi sun rufe hanya, don haka sau da yawa ba za ka gan ta ba sai tana kusa. Abin da za ka samu daƙiƙa biyu ne ko uku, kana riƙe da sandar kamun kifi, ƙafafunka cikin ruwa, abin da za ka harba kuma kai ne da ke hawa yana sauka. A irin wannan hali ba girman harsashi ne ke fara yanke hukunci ba, saurin fito da makami da samun inda aka nufa ne.

Shi ya sa abin da ke rataye a ƙirjina kullum shi ne gwangwanin feshin barkono na beyar. Tom Smith da Stephen Herrero da abokan aikinsu sun wallafa bincike a 2008 kan karon da aka yi da beyar a Alaska daga 1985 zuwa 2006, suka samu cewa feshin ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka yi amfani da shi. Yana da nasa raunin, musamman idan iska na kaɗowa ta fuskarka, amma hayaƙinsa yana bazuwa, ba ya buƙatar saiti irin na harsashi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sannan ka san cewa idan ka kashe beyar don kare ranka, dokar jiha ta wajabta maka kai rahoto nan take, ka feɗe ta, ka miƙa wa hukuma fatar da faratanta da ƙoƙon kai. Ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya fito kamun kifi.

Desert Eagle kuwa ka cire ta daga lissafi. Nauyinta ya kusa kilo 2, harsashi 7 take ɗauka a .50, mariƙinta ya yi wa yawancin hannaye kauri, kuma da iskar albarushi take sarrafa kanta kamar bindigar soja, don haka tana son tsabta da riƙo mai ƙarfi da harsashi mai rufin tagulla, in ba haka ba ta cije. Kyakkyawar bindiga ce ta nishaɗi a filin harbi, amma ba ta yashi da ruwan kogi ba ce.

Idan lallai bindiga ɗaya za ta yi maka aiki biyu, hanyoyi biyu na sani. Ta farko libarba ce mai .44 Magnum, harsashin da ya fito tun tsakiyar shekarun 1950, domin tana kuma cin .44 Special mai sauƙin duka. Sai ka zuba mai nauyi idan za ka daji, mai sauƙi idan kana gida ko wajen atisaye. Haka libarba ƙirar Ruger Super Redhawk Alaskan mai .454 Casull take cin .45 Colt, sai dai gajeren bakinta na inci biyu da rabi yana sa ƙara da walƙiya su yi yawa. Ta biyu ita ce fistol ƙirar Glock 20 mai milimita 10, wadda ke ɗaukar harsashi 15 kuma ba ta da nauyi sosai; ita ce dakarun Sirius na Denmark ke ɗauka a sintirinsu na Girinland saboda farar beyar, kuma mutanen jihar nan da yawa sun koma kanta. Ban yarda da Baba ɗari bisa ɗari ba idan yana nufin milimita 9 ta wadatar ko'ina, domin a daji ana buƙatar harsashi mai tauri da ke nutsawa sosai, akasin wanda ake so a cikin gida.

Wani abu kuma, ko da za ka bi mota ta Kanada wata rana: bindigar hannu mai baki milimita 105 ko ƙasa da haka haramtacciya ce a can, bakin inci 4 na libarbar da ka gani kuwa bai kai milimita 102 ba.

Baba Tsohon Soja, Houston:

Ban ce ta wadatar a daji ba, Malam Maharbi, gida nake magana. Kan .44 mai cin harsashi iri biyu kuwa, bakinmu ɗaya.

Ɗalibin Shari'a, Kaduna:

Ina neman afuwar manya, ina so in ja hankalin masu karatu daga gida, kada wani ya ɗauka wannan shawara ta shafe shi. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu ce ake nema wa lasisi ta hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ita ma da sharuɗɗanta. Haka kuma ɗalibanmu da masu ziyara da ke Amurka da biza ta wucin gadi su sani cewa dokar tarayya ta hana su mallakar bindiga ko harsashi, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye kamar riƙe lasisin farauta. Halin mai tambaya daban ne saboda katinsa na dindindin, kuma shi ma sai ya cike takarda mai lamba 4473 an binciki tarihinsa kafin dillali ya miƙa masa.

Hajiya Maman Yara, Minneapolis:

Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba maharbiya ba, amma akwai abin da ban ji kowa ya tambaye ka ba. Ka ce kana tare da iyali: shin uwargida ta san da wannan shiri, kuma ta amince? Idan kana wurin aiki da dare ita ce a gida, bindigar da kai kanka za ka yi kokawa da ita kuwa ba za ta amfane ta da komai ba. Idan kuma akwai yara, to kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli yana cikin kuɗin bindiga, ba abin da za a saya daga baya ba ne, domin yaro ya san duk maɓoyar da ke ɗakin iyayensa, har saman kabad da ƙarƙashin katifa.

Sai batun kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 140 tana iya lalata ji a take, manyan bindigogin nan kuwa suna haura 160, kuma a cikin ɗaki bango yana dawo da ƙarar. A filin harbi kana sanye da abin toshe kunne, amma da tsakar dare babu wanda zai sa wa jariri. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Bakatsinen Anchorage:

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya, da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Mun yi maganar da uwargida tun kafin in rubuto, sharaɗinta kuma shi ne na akwatin da Hajiya ta ambata. Feshin barkono zan saya a wannan makon. Akwai filin harbi da ke ba da hayar bindigogi, don haka zan gwada .44 da milimita 10 kafin in biya kuɗin komai. Baba, ko akwai abin da zan lura da shi wajen gwajin? Kuma har yanzu raina yana son in ɗana .500 ɗin ko sau ɗaya ne.

Baba Tsohon Soja, Houston:

Ka ɗana, amma a gaban malamin filin, kuma harsashi ɗaya tak za a sa maka a ciki, domin an sha ganin sabon hannu ya sake danna kunama ba da niyya ba lokacin da bindigar ke ɗagawa sama. Kada yatsanka ya kusanci tsagar da ke tsakanin gangar harsashi da bakin libarba, wutar da ke fita ta nan tana yanka nama. Sauran biyun kuwa, ka kafa farantin takarda a nisan mita 7, ka yi harbi 5 a jere da saurin da za ka iya, ka maimaita da kowacce, sannan ka sake da hannu ɗaya. Ka bar .500 sai ƙarshe, don kada dukanta ya ɓata maka gwajin sauran. Idan uwargida ta yarda, ku je tare ita ma ta gwada .44 Special, ka kuma kawo mana labarin yadda farantan suka kasance.