Ɗakin da ake zama a hango sito daga nesa: me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Makon jiya na gama haɗa wa kawuna kyamarorin tsaro guda 4 a sitonsa na riɗi da zoɓo, a wani ƙauye kan hanyar Maigatari. Shi kuma yana zaune a Gumel. Muka ware ɗan ɗakin da ke jikin zaurensa, muka sa talabijin da kujera, yana zaune yana ganin ƙofar sito. Da ya gama kallo sai ya juyo ya ce, "To ɗana, wannan ɗakin me sunansa?" Na buɗe baki zan ce kwantirol rum, kamar yadda muke faɗa a wajen aiki, sai na ji kunya.

Bari in faɗi yadda abin yake, don sunan ya dace da aikin. Kyamarorin suna can, wayoyinsu sun shiga wani akwati mai ajiye hoton bidiyo, wanda masu sana'a ke ce wa NVR. Waya ɗaya ce ke kai wa kowace kyamara wuta ta kuma dawo da hoto, kuma ba a son tsawonta ya wuce mita 100. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a can, don haka sola da batir ne ke riƙe komai. Akwatin yana haɗe da rauta mai layin waya, ita ke tura hoton ta intanet zuwa Gumel. Wato ido yana ƙauye, mai idon yana gari. Kalmar da nake nema dole ta ɗauki wannan nisan.

Sunan akwatin bai ba mu wahala ba. Kawu da kansa ya ce rumbun hoto, kuma ya zauna daram, domin idan ya cika sabon hoto ne ke hawa kan mafi tsufa, sai ka ce mai ɗiban tsohuwar dawa ya zuba sabuwa.

Da na fara tambayar sunan ɗakin, wani ya ce ɗakin kallo. A'a, yaya. Duk wanda ya ji haka a Jigawa zai zo da kuɗin shiga yana tambayar ƙarfe nawa Arsenal za ta buga. Ɗakin sa ido kuma daidai ne a ma'ana, shi 'yan jarida za su ɗauka, amma a unguwa "ɗan sa ido" zagi ne. Ba zan ce wa yaron da ke kwana a kujerar nan aikinsa sa ido ba.

Sai na bi hanyar da Hausa ta saba gina sunan wuri: rini ya ba da marina, jima ya ba da majema, karatu ya ba da makaranta. Na gwada da gani, sai ga magana ta fito, mai yin aikin kuma magani! Na gwada duba, sai maduba, kamar mun buɗe wajen bugun ƙasa. Leƙe ya ba da maleƙa, amma leƙe na ta katanga ne, kuma dama akwai masu gidajen kusa da suka fara tambaya ko kyamarar tana ganin tsakar gidansu. Sai da na sunkuyar da guda ɗaya na nuna wa mai unguwa hoton a waya kafin hankali ya kwanta.

Wani malamin Hausa daga Ringim ya kawo mahanga. Allah ya ƙara ilimi, Malam, nan ne na tsaya. Hange shi ne gani daga nesa, ba sai an ƙara wata kalma ba. Kuma yana faɗin gaskiya game da iyakar na'urar: hangen Dala ba shiga birni ba. Kawu zai iya hango mutum yana taɓa kwaɗo da ƙarfe 2 na dare, amma hannunsa ba zai kai ba, sai dai ya buga wa maigadi waya ko 'yan sintiri. Wanda ya sallami maigadi don ya sa kyamara, hoton ɓarawo kawai ya saya.

Sai dai, Malam, a yi min afuwa, ina da ja a wuri ɗaya. Rediyo ta riga ta ja mahanga zuwa ra'ayi: a mahangar malamai, a mahangar doka. Idan na rubuta "mahangar tsaro" a takardar kuɗin aiki, wani zai ɗauka sharhi zan yi masa. Shi ya sa na fi karkata ga ɗakin hange, mai zama a ciki kuma mai hange. Gajere ne, tsohuwa za ta gane, kuma bai taka ƙafar wata kalma ba.

Ga wanda zai haɗa nasa ɗakin hangen, data ce za ta fara ba ka mamaki. Hoton da ke tafiya a kan megabit 1 a daƙiƙa, idan aka bar shi dare da rana, yana cin fiye da gigabait 10 a kwana guda. Saboda haka a bar hoto mai kyau a rumbu, a riƙa turo ƙaramin, a kuma kunna ƙararrawar motsi. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita tun ranar farko. Da hunturu a riƙa goge ƙura a gilashin, kuma a kula da yanar gizo, ta gizo-gizon gaske nake nufi: fitilar dare ta kyamarar tana jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa, saƙar ta riƙa tayar da ƙararrawar motsi, wayar kawu ta kwana tana kuka.

Jiya na ji shi yana ce wa ƙaramin ɗansa ya kai masa shayi ɗakin hange, ban ko tuna masa ba. Saura rauta. Akwai mai suna?